Faci uku a sati ɗaya: ina so in koyi gyaran kekena da kaina

Abba Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine mashin, na sayi keken Beljiyom mai giya, taya lamba 26. Da shi nake zuwa aiki Sharaɗa daga Hotoro kullum, in dawo. Ya yi min rana ƙwarai, amma satin nan ya gajiyar da ni. Sau uku ina kai tayar baya faci: Asabar, Litinin, da jiya Laraba. Ta jiya ma bayan isha'i ta sace, masu faci duk sun tashi, haka na turo shi tun daga Dangi har gida. Ban da wannan, cen yana yawan zamewa, birkin baya kuma sai na matse shi har ya taɓa hannu kafin ya kama. Ina so in koyi waɗannan ƙananan gyare-gyaren a gida. Me zan fara saya, kuma ta ina zan fara?

Sadiq Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Yaya Abba, tiyub ɗin ne ya mutu, ka sayi sabo ka huta. Sauran kuma ka shiga YouTube, babu gyaran keken da ba a nuna ba.

Malam Iro Mai Keke: Wa alaikumus salam. Sadiq, kada ka sa shi asarar kuɗi. In ya sa sabon tiyub bai gano abin da ke huda tsohon ba, sabon ma kwana biyu zai yi. Abba, kafin ka sayi ko sifana ɗaya, amsa min: facin nan uku a wuri ɗaya suke ko a warwatse? Kuma ta wane ɓangare suke, ta bayan tiyub inda ke kallon ƙasa, ko ta ciki inda ke kwance a kan rim?

Abba Hotoro: Wallahi Malam ban taɓa dubawa ba. Ina miƙa keken ne in koma gefe in jira.

Malam Iro Mai Keke: To daga nan za ka fara. Shekarata talatin da ɗoriya a wannan sana'a a Tudun Wadan Zariya, kuma abin da na fara koya wa duk yaron da aka kawo min shi ne karanta huda. Hudar da kanta tana faɗa maka wanda ya yi ta.

In tana bayan tiyub, ƙaya ce ko kwalba ko 'yar waya, kuma sau da yawa abin yana nan maƙale a cikin tayar. Tsidau ya fi komai yi mana wannan ɓarna, musamman bayan damina in ya bushe. Kan ƙayar yakan karye ya zauna a cikin roba, ba ka ganinsa ta waje, sai an hau keke nauyi ya danna shi ya sake huda sabon facin ko gefensa. Sai ka juya tayar ka bi cikinta da tsumma a hankali, inda tsumman ya maƙale nan ɓarawon yake.

In hudar tana ciki, ta wajen rim, to kan sifok, wato wayar wili, ne ya leƙo, ko robar da ake shimfiɗawa a kan rim ta yage ko ta goce. In kuwa ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami, rim ya datse tiyub. In a gindin bawul ne, ita ma rashin iska ce: taya tana jan tiyub har bawul ya karkace ya tsage. Wannan ta ƙarshe ba ta facuwa, sai sabo.

Ka ciro tiyub ɗin yau ka duba, ka dawo ka gaya mana.

Nura Kurna: Ni dai a ganina abin nan bai dace ba. Kowa ya koyi gyara a gida, su masu facin da me za su ci abinci? Ɗan abin da kake ba su ai sadaka ce ma. Kowa da sana'arsa.

Malam Iro Mai Keke: Nura, na gode da ka tuna da mu, Allah ya saka. Amma ni mai sana'ar nake gaya maka, wanda ya iya faci bai rage min komai ba. Shi ne ma yake zuwa min da aikin gaske, ɗaurin wili ko canjin boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da wili ke juyawa a kansu, kuma yana zuwa da wuri kafin abu ya lalace. Wanda ke ba ni wahala shi ne wanda bai san komai a jikin kekensa ba, zai yi ta hawa wili na kaɗawa wata uku, sai kofin hob, wato cibiyar wili, ya cinye ya zo yana cewa in gyara a naira ɗari biyu. Kuma arzikin kowa na hannun Allah. Mutumin da tayarsa ta sace da daddare a Dangi, ina ni ina taimakonsa?

Lawali Maraɗi: Gaskiya ne Malam. Mu nan wanda zai shiga ƙauye, ko hanyar Dakoro ko ta Madarunfa, ba ya fita sai da famfo da kol da guntun tsohon tiyub ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Kol shi ne abin da kuke kira sholisho. Wani wurin sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mai gyara ba, ga tsidau ko'ina a gefen gona. Yaro ɗan shekara goma ya iya faci a wajenmu, ba don yana son sana'ar ba, don dole.

Injiniya Bashir Kaduna: Game da kayan aiki, Abba, kada ka sayi akwati guda. Famfo mai kyau shi ne na farko. Sai sifana lamba 15, ita ke kwance notin wili da feda, da lamba 10 da 8 na birki da su kariya. Tunda naka Beljiyom ne kana buƙatar alanki lamba 4 da 5 da 6. Sai filaya, sukundireba, sholisho, samfefa, da faci. Ƙarfen cire taya in ka samu ka saya, in babu, bayan cokali biyu ya isa. Sukundireba dai kada ta kusanci taya, ita ke huda tiyub wajen mayarwa. Duk za ka samu a Sabon Gari.

Ka duba irin bawul ɗinka kafin ka sayi famfo, don iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri na Faransa mai ɗan noti a kai wanda sai ka sassauta shi kafin iska ta shiga, akwai kuma na tsofaffin kekunanmu mai 'yar roba a ciki. Sannan a gefen taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Yawancin lamba 26 za ka ga 40 zuwa 65 PSI, wato ma'aunin ƙarfin iska.

Alhaji Garba Gusau: Wannan na ukun da Injiniya ya faɗa, mai 'yar roba, bari in yi magana a kansa don ya sha ba mutane wahala a banza. Robar nan zafi yana cinye ta. Sai mutum ya wayi gari taya ta sace, ya cire tiyub ya tsoma a ruwa bai ga kumfa ko ɗaya ba. Kafin ka kwance komai, shafa ɗan yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, robar ce, ka zare ka sa wata, aikin minti biyu.

Ni kekena Raleigh ne, na saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, ina malamin firamare. Yana nan har yau, jikana ke zuwa Islamiyya da shi. A lokacinmu keke yana zuwa da 'yar jakar fata a bayan sirdi, da sifana a ciki, da famfo a jikin firam. Wato shi kamfanin da kansa ya ɗauka mai keke zai riƙa taɓa kayansa. Kowace Juma'a da safe nakan kifa shi a tsakar gida, in goge, in bi kowane noti, in ɗiga mai. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin gyara ba, kamar dai yadda mai doki yake duba kofato ne. Abin da ya sa ya kai shekara hamsin ke nan, ba wani sirri ba.

Malam Iro Mai Keke: Allah ya ƙara lafiya Baba Alhaji. Irin naku na Nottingham, wato ƙirar Ingila, sai dai a yi hattara wajen sayen kaya, don zaren kofunansa, inda boris ke zama a jikin firam, ya fi na sauran kekuna ƙanƙanta. In aka tilasta masa kofin wani keken daban, zaren firam ɗin ne zai tafi, kuma shi ba a sayo shi a kasuwa. Ko sifok ɗinsa ma daban: 32 a gaba, 40 a baya, alhali yawancin na yanzu 36 ne gaba da baya.

Abba Hotoro: Na dawo. Malam Iro, na cire. Duka ukun a ciki suke, ta wajen rim, kusa da juna, har biyu sun hau kan juna. Na duba rim ɗin, robar da ke kai ta tsage, ga kan sifok ɗaya ya fito yana da kaifi, har ya karce min yatsa. Sati guda ina biyan kuɗi, ba wanda ya leƙa wurin.

Malam Iro Mai Keke: Alhamdu lillahi, ka kama shi. Kada ka riƙe mai facin a zuciya, wani lokacin layi ne ya yi masa yawa, yana cire gefe ɗaya na taya ya jawo tiyub ya liƙe ya mayar, rim ɗin ma bai gan shi ba. Ba daidai ba ne, amma haka ake yi.

Ka samu fayil ka goge kan sifok ɗin har ya yi daidai da notinsa. Robar rim ka sa sabuwa, in babu ka yanko daga tsohon tiyub, faɗinta ya rufe kawunan sifok duka, ka huda wurin bawul. Tiyub ɗin nan kuwa tunda faci ya hau kan faci, yanzu maganar Sadiq ta zo: sayi sabo, ka ajiye tsohon na yankan faci.

Ga yadda ake facin da ba ya tashi, don gaba. Ka kankare wurin da samfefa, ya fi facin faɗi, har ƙyallin robar ya tafi. Ka shafa sholisho kaɗan, siriri. Sannan ka jira. Nan ne kowa yake faɗuwa. Mutane suna ɗauka danshin ne ke kamawa, sai su liƙa nan take. A'a, sai ya bushe ya daina ƙyalli, kamar minti biyar, kada ka taɓa da yatsa. In facin na tsohon tiyub ne, shi ma ka kankare shi ka shafa masa, su bushe tare. Ka ɗora ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Wajen mayarwa ka ba tiyub 'yar iska kaɗan ya yi siffarsa don kada ya naɗe, ka tura bakin taya tsakiyar rim inda ya fi zurfi, za ka ga ƙarshen ya shiga da hannu.

Sadiq Ɗan Zariya: Malam, sufa gulu fa? Na ga wasu na amfani da shi, kuma ya fi saurin kamawa.

Malam Iro Mai Keke: Kada ka soma. Yana bushewa ya yi tauri kamar kwalba, tiyub kuwa miƙewa yake. Kana ba shi iska zai tsage.

Nura Kurna: To na ji, na sauka daga maganata ta farko. Amma batun cen, Abba, ka je wurin masu gyaran mashin su ba ka baƙin mai kyauta ka zuba masa sosai. Mu da shi muka taso.

Injiniya Bashir Kaduna: Nan kam ban yarda ba. Baƙin mai ya riga ya gama aikinsa a inji, cike yake da garin ƙarfe da datti. Ka zuba shi da yawa, ga ƙurar hunturu, sai ya zama kamar samfefa mai ruwa yana cin cen da haƙoran firiwil na wilin baya. A wanke cen da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe, a ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a goge na waje tas da tsumma. Man da ke aiki yana cikin gaɓa ne, na waje ƙura kawai yake kira.

Lawali Maraɗi: Injiniya, kana magana kamar kowa na da kuɗin sabon mai. Mutumin ƙauye da ke ɗauko buhun gero a kariya, baƙin man nan shi ne abin da hannunsa ya kai. Cen busasshe mai kuka ai ya fi lalacewa da sauri.

Injiniya Bashir Kaduna: Ban musa ba, Malam Lawali, da babu gara baƙin. Amma abin da cen ke sha bai kai cokali ɗaya ba. Ragowar da ke gindin galan in an yi wa mashin juye ta isa wata da watanni.

Malam Iro Mai Keke: Ku duka kuna da gaskiya, kuma ni ma a rumfata akwai baƙin mai, ba zan ɓoye ba. In dole ce, a bar shi ya kwanta a ɗebi na sama, a sa kaɗan, a goge. Abin da na hana shi ne man gyaɗa da manja, suna daskarewa su yi danƙo. Kuma ko wane mai ne, kada ya taɓa rim ko robar birki.

Amma zamewar cen ɗin Abba ba lallai mai ba ne. Abba, faɗowa yake daga kan haƙora, ko tsalle yake in ka taka da ƙarfi?

Abba Hotoro: Tsalle yake, Malam, musamman in zan hau gada. Wani lokacin kuma sai ya koma wata giyar da kansa.

Injiniya Bashir Kaduna: Abu biyu ne ke nan. Tsallen, auna cen ɗin. Tsakanin kowane ƙusa biyu na cen rabin inci ne. Ka ari tef ɗin tela, ka sa farkonsa a tsakiyar ƙusa ɗaya, a sabon cen za ka ga wata ƙusar ta faɗa daidai kan inci 12. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, cen ya miƙe, canja shi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, to ya riga ya ci firiwil, sai a canja su tare, in ba haka ba sabon cen zai fi tsohon tsalle. Kuma ka ce a ba ka na mai giya, ya fi na Phoenix sirantaka.

Canja giya da kansa kuwa yawanci waya ce ta saki. Inda wayar ke shiga giyar baya akwai wani ɗan abu da ake murzawa da yatsa. Ka ɗaga bayan keken, ka riƙa warware shi rabin zagaye kana juya feda har ƙarar ta ɗauke. Sukurori biyun da ke jikin giyar masu H da L kada ka taɓa su tukuna, aikinsu hana cen faɗawa cikin sifok ko waje ne kawai. Masu koyo da yawa daga nan suke rikita giyarsu.

Malam Iro Mai Keke: Ƙari ɗaya: ka tsaya a bayan keken ka kalli giyar. In ta karkata ciki wajen sifok, keken ya taɓa faɗuwa ta dama, ƙarfen da ke riƙe ta ya lanƙwashe. Wannan kawo mana, kada ka ja da hannu, na alminiyom karyewa yake.

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ina bin bayanin nan tun jiya, Allah ya saka da alheri. Nawa ba mai giya ba ne, Phoenix ne na yarona da yake zuwa makaranta, mahaifinsu kuma yana tafiya. Feda ɗaya tana ƙwanƙwasa duk zagaye, kuma ranar da aka yi ruwa ya ce birki ya ƙi kamawa har ya kusa shiga kwata. Wannan na biyun shi ya hana ni barci.

Malam Iro Mai Keke: Wa alaikumus salam Hajiya. Birkin tukuna. Rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe ba ya kamawa da wuri, halinsa ne, ki gaya masa in ana ruwa ya rage gudu, ya fara taɓa birki tun da nisa don robar ta share ruwan. Sannan ki duba robobin. In sun cinye ko sun yi sulɓi, a canja, ba su da tsada. Wajen sawa a lura: gidan robar gefe ɗaya a toshe yake, gefe ɗaya a buɗe. Toshasshen ne ke kallon gaba. In aka juya, ranar da ya matse da ƙarfi robar za ta fice. A jikin sandar birkin akwai ɗan noti, a sassauta, a ja sandar har robar ta matso kusa da rim, a ɗaure. Abba, kai ma haka ne, sai dai naka waya za ka ja, kuma ka tabbata robar na kama rim ba taya ba.

Ƙwanƙwasar kuwa kotafin ne, 'yar ƙusar da ke riƙe hannun feda. Kada a ce za a ɗaure ta da noti kawai, zaren zai tsinke. Ana tokare hannun fedar ta ƙasa, a buga kan ƙusar da guduma ta zauna, sannan a ɗaure notin. In ta riga ta ci, sabuwa. Kada a bari, don tana cin ramin hannun fedar.

Alhaji Garba Gusau: 'Yata, ki zaunar da yaron a yi a gabansa, ya riƙe sifana da hannunsa. Kuma a gaya masa tun yanzu fedar hagu zarenta a juye yake, ta dama ake kwance ta. Na ga manya sun lalata hannun feda saboda wannan. Ki duba tsayin sirdinsa ma, yara suna girma ba a ɗaga musu. In ya zauna ya sa diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe. Amma akwai layi a jikin sandar sirdin, kada a ɗaga ya wuce shi.

Maman Hanifa: Na gode Baba, na gode Malam. Na duba yanzu, robar baya ɗaya ma babu ita gaba ɗaya, ƙarfe ne ke gugar rim. Ba zai hau ba sai an sa. Gobe in Allah ya kai mu zan aike shi ya sayo guda huɗu.

Sadiq Ɗan Zariya: Malam, ni wilina ne ke rawa. Na ga yadda ake ɗaure sifok a bidiyo, in gwada?

Malam Iro Mai Keke: In rawar kaɗan ce, gwada, amma kwata-kwatan zagaye, kuma da makullin sifok, ba filaya ba. Inda rim ya karkata dama, ka ɗaure na hagu ka sassauta na dama. In ka ga kana ta bi yana ta gudu, tsaya. Abu uku nake cewa a bar wa mai sana'a: ɗaurin wili gaba ɗaya, fok mai riƙe wilin gaba da ya lanƙwashe, da firam da ya tsage. Biyun ƙarshe rai ne a kai. Ka fara tabbatarwa ma ba boris ne ya saki ba: kama wilin ka girgiza shi gefe da gefe, in yana ƙwas-ƙwas hob ne, ba sifok ba. In kana Zariya ka biyo rumfa da yamma in nuna maka yadda ake ɗaure kon, wato notin da ke danne boris, sau ɗaya za ka gani.

Abba Hotoro: Jama'a, yau kwana tara ke nan. Na goge sifok, na sa robar rim da sabon tiyub, tayar ba ta sake sacewa ba. Birki na ja waya, yanzu tun rabin hannu yake kamawa. Giyar ma ta daina canja kanta bayan na murza abin nan zagaye ɗaya da rabi. Cen ne na auna da tef ɗin matata, ya wuce inci 12 da kusan kashi ɗaya cikin 8, don haka sai ƙarshen wata in sayi shi da firiwil tare. Malam Iro, firiwil ɗin zan iya cirewa a gida?

Malam Iro Mai Keke: Yana da makullinsa na musamman, kuma taka feda da kake yi kullum ɗaure shi take ƙara yi, sai an kafa makullin a bais, wato ƙarfen matse kaya a tebur, ake samun kansa. Ka cire wilin ka kai a kwance maka. Sabon kuwa ka shafa giris a zaren, ka ɗaura da hannu a hankali kada ya hau a karkace, hawan farko zai ƙarasa ɗaure shi. Ka tafi da tsohon cen ɗin ma, a ƙirga gaɓoɓin a yanke maka sabon daidai tsayinsa.